Daga Hannu Aka Fara

Ranar da muka je gaisuwar rasuwar maƙwabciyarmu Lalla Hadda, da magana a bakina na dawo gida. 'Ya'yanta sun nemi hoton da za su rataya a falo sun rasa, sai na katin shaida suka kai aka ƙara masa girma. Matar da ake jin dariyarta daga bakin titi, ga ta nan a bango ta zare ido kamar an kama ta da kazar mutane. Na tausaya mata, na kuma tausaya wa kaina, don ni ma abin da ke jirana ke nan.

Abin haushin kuma, mijina mai ɗaukar hoto ne. Kaf garin Azru babu wanda bai san Si Bu'azza ba, tsohon malamin makarantar nan mai rarrafe cikin ciyawa da kyamara. Tun kafin ya yi ritaya ba shi da aikin ranar hutu sai bin malam-buɗe-littafi. Falo, ɗakin kwana, har hanyar banɗaki, duk su ne a bango: fiffike, ido, ɗan bakin nan nasu mai naɗewa, kowanne an buga shi ya kai faɗin faranti. Ni da na haifa masa 'ya'ya huɗu, ko inuwata babu.

Na same shi yana goge gilashin kyamara, na ce, "Baban Yidir, in na mutu wane hoto za ku rataya?"

"Subhanallahi! Daga zuwa gaisuwa, Itto?"

"Tambayarka na yi. Ko wancan mai ƙafa shidan za ka nuna wa jikoki ka ce ga kakarku?"

Ya ɗaga kai ya dubi inda na nuna, ya ce, "Wannan ai namiji ne."

Na ce to madalla. Ko dai ranar Lahadi ya ɗauke ni hoto na mutunci, da fuskata da komai, ko kuma shayin asuba da gurasar da yake tafiya da su daji ya nemi mai yi masa a cikin ƙwarinsa. Nan take ya ce ai dama ya daɗe yana da niyya.

Ranar Asabar na yi lalle. Lahadi ana idar da sallar asuba na fito cikin rigar da na sa a bikin ɗanmu Yidir, na rambaɗa kwalli, na shiga gaban tsohuwar motarsa. A baya akwai Si Lahsan tela, abokin rarrafensa, ya rungume jakar kyamara a ƙirji.

"Lalla Itto, biki za mu je ban sani ba?"

"Bikin da aka yi wa ƙwari shekara da shekaru, yau ya zagayo kaina."

Muka haura sama da gari zuwa wani fili a gefen daji. Sanyi har cikin ƙashi. Na zaci da isarmu za a fara da ni, ashe ba haka abin yake ba. Wai sai da sanyin safiya ake samun ƙwarin a lafe jikin ciyawa, raɓa ta jiƙa musu fiffike ba sa iya tashi. Da rana ta taɓa su shi ke nan, sai dai ka bi su da ido. Mijina ya ce in ɗan jira, hasken da zai dace da ni bai fito ba tukuna.

Sai na zauna a kan dutse ina kallon ikon Allah. Dattawa biyu masu furfura, kowa ya kwanta rub da ciki yana jan jiki, baya a sama. Ba a tari, ba a magana, kuma duk wanda ya bar inuwarsa ta faɗa kan ƙwaron wani ya jawo gaba ta mako guda. In mutum ya zo danna kyamara sai ya riƙe numfashi har fuskarsa ta yi ja. Na yi dariya ni kaɗai har na gaji, na buɗe ƙunshin karin kumallo na soma cin gurasa da zaitun mai gishiri.

Da rana ta ɗago mijina ya taso yana kakkaɓe gwiwa. Ya gyara mini zama, ya ce in ɗora hannuwa a cinya, ya ja da baya sosai. Wallahi gabana har faɗuwa yake, sai ka ce budurwa. Na gyara mayafi, na yi murmushin da na kwana ina gwadawa a madubi.

Sai na ji wani abu yana yi mini cakulkuli a bayan hannu.

Ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne, bai fi farcen babban yatsa ba, shuɗi mai ɗigon ruwan lemo a bakin fiffike. Gishirin zaitun ɗin nan ya biyo, ya warware ɗan bakinsa yana lasa.

Si Lahsan ya dafe kai, ya ce cikin raɗa, "Bu'azza! Shi ne! Na rantse shi ne!"

Na san labarinsa, don na sha jin sa a kan abinci. Shi ne wanda mijina ke nema tun Yidir na goye.

Mijina ya ce, "Itto, kada ki motsa."

Ban motsa ba. Ya tako a hankali, ya ƙara takowa. Ina nan da murmushina, kumatu har sun fara ciwo. Ya durƙusa. Ya matso da gwiwa. Kafin in ankara bakin kyamarar na dab da hannuna, ni kuma saman hularsa nake yi wa murmushi.

Na ce ta tsakanin haƙora, "Fuskar tana nan sama."

"Numfashin ma a hankali, don Allah."

Ya daɗe a durƙushe yana dannawa. Da ƙwaron ya ƙoshi ya tashi abinsa. Kamar jira ake, hadari ya gangaro daga kan dutse, yayyafi ya sauko, muka kwashi kaya a guje. Kwallina ya zubo har haɓa. A mota Si Lahsan sai murna yake yana dukan kujera. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na sa rai, kuma a gaban mijina nake zaune ya zaɓi ƙwaro.

Kwana biyu bai sha shayi daga hannuna ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Ranar Alhamis ya shigo da hoto cikin firam, naɗe a takarda, Si Lahsan na biye da shi yana zumuɗi, don shi ma bai gani ba. Ina daga ƙofar kicin aka buɗe.

Si Lahsan ya yi salati. "Ka kashe mu, Bu'azza! Ina idon? Ina fiffiken?"

A sana'arsu, in ka matsa kusa haka, wurin da ke fitowa tar bai fi kaurin takarda ba, sauran duk dishi-dishi ne. Shi ya sa ƙa'idarsu ɗaya ce: idon ƙwaron shi ake sa wa saiti. A wannan hoton kuwa ƙwaron ya zama ɗan shuɗin hayaƙi kawai. Abin da ya fito tar hannuna ne. Lalle ya kwanta cikin kowace tsaga ta fata. Zoben aurena ya sirance saboda wanki. Ga wani tsohon tabo mai sheƙi a gindin babban yatsa.

"Hannunka ne ya yi rawa," in ji Si Lahsan. "Tsufa ne, ba komai."

"Bai yi rawa ba. Na sa ƙwaron a saiti sarai, sai na hango abin da yake tsaye a kai." Ya juyo wajena. "Itto, wannan tabon yaushe kika same shi?"

"Shekarar da aka haifi Yidir. Kaskon gurasar da kake tafiya da ita daji."

Ya sake duban hoton. Sannan ya sauke namijin nan mai ƙafa shida daga tsakiyar falo, ya rataya hannuna a wurin.

Na ce, "To, an ga hannu. Fuskar fa?"

"Ni kusa-kusa na iya ɗauka, Lalla Itto. Kaɗan-kaɗan zan bi ki. Lahadi mai zuwa ɗaya hannun."

"A haka sai yaushe za ka kai fuska? Sai mun shekara ashirin!"

Ya ce, "Abin da nake roƙon Allah ke nan."

Na koma kicin na ɗora shayi. Yanzu duk Lahadi kofi uku nake sawa a jaka, kuma bana mun kai kunnen hagu.