Ɗingishin Gangar Kawu Metodiya

"Sauri nake so, Dafina," in ji Stoyanka, shugabar ƙungiyar rawarmu ta garin Prilep. "Asabar za mu hau dandali a garin Ohrid. In kiɗan kawunki bai yi saurin da muke so ba zuwa Juma'a, da gangar inji za mu taka. Kar ki ce ban faɗa miki ba."

Gangar inji! A madadin mutumin da ya shekara arba'in da ɗaya yana kaɗa musu tapan, babbar gangarmu ta gargajiya. Raina ya ɓaci, amma gaskiya ta faɗa. Tun da ciwon shanyewar jiki ya taɓa Kawu Metodiya bara, hannunsa na dama mai riƙe gula ya yi nauyi, likita kuma ya hana shi doguwar tafiya. Na naɗi kiɗansa a ɗakina na aikin sauti don a kunna shi a wurin wasan, ko bugu ɗaya bai kuskure ba, sai dai a hankali yake tafe kamar mai komowa daga gona.

Na ce ai aikin rabin yini ne. Na yayyanka kiɗan a kwamfuta, na ɗora kowane bugu daidai kan layukan awo da manhajar ke zanawa, na ƙara sauri. Ya fito tsaf, har ina yaba wa kaina.

Ranar Laraba aka gwada. Ba a yi zagaye biyu ba layin rawar ya wargaje, wannan na taka wancan. Stoyanka ta kalle ni sama da ƙasa.

"Wannan kiɗa ne ko keken ɗinki?"

Kunya kamar in nutse. Na kwashi kwamfutata sai gidan Kawu. Na same shi a tsakar gida yana ɓare gasasshen tattasai na haɗa miyar ayvar, hannun hagu na yin aikin, na dama na taya shi kallo. Na kunna masa. Bai bari ta yi nisa ba.

"Ke, wa ya miƙe mata ƙafa?"

"Wa fa, Kawu?"

"Rawar mana. Da ɗingishinta aka haife ta, kin zo kin yi mata ɗori."

"Ai ban taɓa ƙirgen ba. Dogo ɗaya, gajeru biyu. Uku, biyu, biyu, tun ina goye nake jin sa."

"Uku a gidan wa? Tashi, sarkin boko. Ɗaga gwiwa."

Na tashi ina ƙunƙuni. Ya sa na ɗaga ƙafa a dogon bugun, na sauke, na yi taku biyu. Yana tafa cinya yana ƙara sauri, ina bi. Can sai na ji abin a jikina. Takun biyun sun yarda a gaggauta su, amma ƙafar da ke sama sai ta ga dama take saukowa.

"Kin ji ko?" ya ce. "In wasa ya ɗau zafi, daga gajerun nake gutsura. Dogon nan ba nawa ba ne balle na injinki, na ƙafa ne. Ganga jiran ta take yi."

Ranar Alhamis tun da safe na koma kan naɗin farko wanda ban yanka ba. Na kashe layukan awon nan gaba ɗaya. Da kunne na bi shi gaɓa-gaɓa, ina matse gajerun sosai, dogon kuwa ɗan kaɗan. Bakin kowane bugu ban taɓa shi ba, don kar amon gular ya sirance, sai jelar sautin nake ragewa. Inda na yi shakka sai in miƙe in taka. Maƙwabciyata ta ƙasan bene ta buga rufi da tsintsiya sau uku, na ce ta yi ta bugawa.

Juma'a da la'asar na ɗauko Kawu a mota, muka zaunar da shi a kujera gefen zauren gwaji. Na kunna kiɗan.

Layin ya motsa. Gwiwoyi ashirin suka tashi tare, suka tsaya a sama, suka sauko daidai kan gular. Zagaye na uku wani ya yi kuwwa don daɗi. Stoyanka, da ba ta iya yabo ba, ta wuce ta gabana tana haki.

"A bar maganar inji. Da wannan za mu."

Daɗi ya kashe ni, na juya in yi wa Kawu albishir. Idonsa a rufe, hawaye na bin gashin bakinsa.

"Dafina, yaron nan da ke kiɗa..."

"Kai ne fa, Kawu."

"Na sani, ja'ira. Na ɗauka ba zan ƙara jin sa ba. Ƙaro murya."