Ƙafar Hagun Sha-Kwalta

Tun kafin a buɗe ƙofar garejin, Sha-Kwalta ya iso. Ya tsaya yana leƙen tirelolin da aka jera ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Farare ne, dogaye, gilashinsu na ƙyalli. Ya nemi mai kama da waɗanda ya sani, bai samu ba. A zamaninsa kowace mota da fuskarta, wata mai fara'a, wata a murtuke kamar an taka mata yatsa. Waɗannan kuwa duk uwa ɗaya uba ɗaya.

Direban dogon zango ne a da, abin da ya sa aka laƙa masa sunan ke nan. Ya sauka daga mota lokacin da ciwo ya kwantar da matarsa, da niyyar komawa in ta miƙe. Ba ta miƙe ba. Daga nan rayuwa ta riƙa jefa shi nan da can, har ya ƙare a gidan ƙanensa, a ɗakin da ake ajiye tsofaffin batura da keken ɗinkin da ya lalace. Matar ƙanen ba ta taɓa yi masa kallon banza ba, ita ce ma ke fara zuba masa abinci. Wannan kirkin ne ya fi ci masa rai. Yana so ya koma hanya, ya ci guminsa.

Ƙanen nasa bakanike ne a wannan garejin, shi ya yi ta roƙo har aka yarda a gwada yayansa. Gwajin sau ɗaya ne, an faɗa masa.

"Yaya, a nan ka kwana ne?" in ji ƙanen da ya iso, yana jingine babur. Ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan rigar fa? Tuƙi za ka yi ko neman aure?"

"Rufe min baki. Ta yi kyau ko ba ta yi ba?"

"Ta yi. Amma don Allah abu biyu. Kada ka ba shugaban direbobi labarin jiminar da ta yi tsere da kai, ba ya son dogon zance. Na biyu, ka tuna abin da na gaya maka. Motocin nan ba su da kuloci. Su ke canza wa kansu giya. Ƙafarka ta hagu ta yi ritaya."

"Na ji. Kai da na goya, yau kai ke koya min tuƙi."

Ya ji ɗin kuwa. Ya yi kwanaki yana zama a bakin gado yana tuƙa iska, yana yi wa ƙafar faɗa duk lokacin da ta motsa.

Shugaban direbobin kamfanin ana kiransa Tabarau, don kullum tabarau na goshinsa, ba wanda ya taɓa ganin sun sauko kan idonsa. A haife Sha-Kwalta ya kusa haifarsa. Ofishinsa tsohuwar kwantena ce da aka huda wa taga. A kan teburin akwai wani tsohon fistan inji da aka cika da ƙasa, ɗan tsiro ya fito daga ciki yana karkata wajen haske. Sha-Kwalta ya kafa wa tsiron ido, don kallonsa ya fi sauƙi.

"Baba, lasisinka lafiya lau," in ji Tabarau. "Shekarun da ke bayansa ne ban gane ba. Bayan ka bar tirela me ka yi?"

"Jinya, ranka ya daɗe."

"Bayan jinyar?"

"Na ja tankar ruwa. Ba a daɗe ba mai ita ya sayar."

"Sai kuma?"

"Na yi kiwon kaji. Wata cuta ta shigo, suka riƙa tafiya da baya kafin su mutu. Ban taɓa ganin irinta ba, kaza ta yi ribas har..." Ya tuna gargaɗin ƙanensa, ya haɗiye sauran. "Sai gadi a wata makaranta. Sai motar burodi."

"Motar burodi." Tabarau ya sosa gemu. "Wa zan kira ya ce min ya ga tuƙinka a babbar mota?"

"Maigidana na farko ya rasu. Kamfanin na biyu ya rufe, wurin ma yanzu shagon katifa ne."

"Ka ga matsalata, Baba. Ko'ina ka taɓa ka saki. Mai sakin aiki yana iya sakin mota da kayan mutane a tsakiyar daji. Ni kuma za a tambaya."

Sha-Kwalta ya buɗe baki ya ce ba shi ya saki ayyukan ba, su suka sake shi, amma ya ji maganar za ta yi kama da kuka. Ya mayar da idonsa kan tsiron.

"To, tashi mu je," in ji Tabarau. "Tunda babu mai shaida, motar ta yi shaida."

Hawa kan motar ma sai da ya ja numfashi. Ciki sanyi, ba warin gas, ba tsumma, ba waya a rataye. Kujerar ta yi ajiyar zuciya ta nutse da shi, sannan ta ɗago shi a hankali. Ya kai hannun dama inda sandar giya take zama, ya damƙi iska. A ƙasa, birki da totur ne a dama. A hagu kuwa, can a lungu, akwai wani ɗan ƙaramin abin takawa.

"Wancan ba kuloci ba ne," in ji Tabarau daga kujerar gefe. "Na gyaran sitiyari ne. Ka taka, sitiyarin ya saku, ka ja shi inda ya yi maka daidai, ka ɗaga ƙafa ya kulle. In mota na tafiya kada ka kusance shi."

Ya taka, ya gyara, ya ɗaga. Ya janye ƙafar baya har ta taɓa gindin kujera, ya ce mata a ransa, ki zauna nan.

Suka fita daga garejin. Bodin ya biyo shi a madubi, dogo, mai biyayya. A kwanar farko ya ba ta fili yadda ya kamata, tayoyin baya suka wuce bakin kwalbati ba su taɓa ba. Motar tana canza giya da kanta, a hankali, kamar akwai wani direba da ba a gani yana zaune tare da su. Abin ya ba shi mamaki har ya so ya tambaya ko ta taɓa yin kuskure. Ya dubi Tabarau ta wutsiyar ido. Mutumin na kallon titi, fuskarsa ba ta ce komai ba.

Suka wuce shagunan masu walda, suka wuce gidan mai, suka hau titi mai faɗi. Ya fara jin hanyar a bayansa da cinyoyinsa kamar da. A nan ne ya manta da ƙafar.

Gabansu akwai mahaɗa, ɗan gangare ne ake sauka zuwa gare ta. Fitila ta koma ja. Wata ƙaramar mota shuɗiya ta tsaya a gaba, yara biyu a kujerar baya sun juyo suna ɗaga wa tirela hannu. Ƙafar dama ta hau birki yadda ya dace. Ita kuwa ta hagu, wadda ta yi shekaru tana taka kuloci duk lokacin da 'yar'uwarta ta taka birki, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta miƙe ta laluba, ta sami ɗan abin nan na lungu, ta danne shi har ƙasa.

Sitiyarin ya saku. Da yake ya jingina nauyinsa a kai, sai ya tafi gaba da shi, ƙirjinsa ya bi, goshinsa ya kusa dukan gilashi. A ransa sitiyarin ya cire ne ɗungurungum. Ya ja da ƙarfi, abin ya dawo ya daki cikinsa. Motar shuɗiya na ƙara girma a gabansa.

"Ɗaga ƙafar! Ta hagu, Baba, ta hagu!"

Bai ji ba. Ya dai rungume sitiyarin da hannu biyu kada ya karkace, ya danne birki. Iska ta yi tsaki a ƙarƙashinsu, bodin ya yi ƙugi ya turo su, sannan komai ya tsaya cak. Tsakaninsu da ƙaramar motar bai fi a shimfiɗa tabarma ba. Yaran suna ta dariya, sun ɗauka wasa ne.

Tabarau ya tsinci tabaransa daga ƙasa, ya hure su, ya mayar goshi. Fitila ta koma kore, na baya suka fara hon.

"Wuce mahaɗar ka faka," in ji Tabarau.

Sha-Kwalta ya wuce, ya faka a gefen titi kusa da wani mai faci. A ransa ya ga ɗakin batura, ya ga matar ƙanensa tana miƙo masa kwano tana cewa ba komai, Yaya, wani zai samu. Ya ga ƙanen a gareji ana nuna shi da baki.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ka ba ni izini in yi wani abu."

Ya zare ɗamarar wandonsa, ya sunkuya zai ɗaure idon sawunsa da ƙarfen kujera.

"Kai, Baba! In wuta ta tashi fa? In ciro ka da kujerar?"

Ya tsaya da ɗamarar a hannu. Sai ya mayar da ita, ya cire takalmin hagu, ya naɗe ƙafar ya zauna a kanta, kamar mai shirin cin abinci a ƙasa.

Tabarau ya dube shi, ya dubi takalmin da ke kwance shi kaɗai. Gefen bakinsa ya motsa.

"Haka za ka kai mu?"

"In ka yarda."

"Mu gani."

Komawar ta fi zuwan tsawo. A kowace tsayawa yana jin ƙafar tana zillo a ƙarƙashinsa kamar kazar da aka danne, shi kuma yana ƙara sakar mata nauyi. Tun tana zafi har ta koma tsitstsira kamar ana soka allurai, daga nan ta yi shiru gaba ɗaya. Gumi ya jiƙa rigar neman auren duk da sanyin motar. Bai ƙara duban Tabarau ba.

A gareji aka nuna masa wani siririn gurbi tsakanin tireloli biyu, aka ce ya shiga da baya. Direbobi da makanikai suka bar abin da suke yi. Ya hango ƙanensa da sifana a hannu, ya daskare. Karon farko bodin ya karkace, motar burodi ta ɓata masa hannu. Ya ja gaba, ya daidaita, ya tuna cewa wutsiyar tirela kishiyar hannu take bi. Karo na biyu ta shige sumul, ya kashe inji.

Ya buɗe ƙofa, ya warware ƙafar, ya taka matakala. Ƙafar ba ta nan. Ya ji kamar ya taka hayaƙi, sai ga shi zaune daɓas a ƙasa cikin ƙura da baƙin mai.

Garejin ya kwashe da dariya. "Tsoho, mota ta kayar da kai tun ba a ɗaura auren ba!" wani ya ce. Ƙanen ya rugo ya kama shi ta hammata.

"Yaya, lafiya? Ina takalminka?"

Takalmin ya faɗo kusa da su. Tabarau ne ya jefo shi, ya leƙo ta taga.

"A mahaɗa ka kusa kashe ni, Baba. Ba zan ɓoye maka ba, da na bi ta tawa da yanzu kana hanyar gida." Ya kalli yadda bodin ya zauna a gurbin. "Akwai lodi jibi, tafiya mai nisa. Za ka bi wani direba, ku riƙa karɓa-karɓa. In ya dawo ya ce ƙafar nan ta sake miƙewa ko sau ɗaya, shi ke nan, kada ƙanenka ya zo min da roƙo. Kuma ba zama a kanta. Ba mai tuƙa min mota kamar yana gadin tabarma."

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Tabarau ya sauka ta ɗaya ƙofar ya nufi kwantenarsa.

Ƙanen ya durƙusa yana murza masa ƙafar, jini ya fara dawowa da zafi. Sha-Kwalta ya cije leɓe. Ya sunkuyo ya rage murya.

"Kai, ba za ka iya kwance ɗan ƙarfen nan ba kafin jibi? Ƙusa biyu ce kawai, na gani."

"A kore mu tare? Wa zai ciyar da wa?"

"To ya zan yi da ita?"

"Ka roƙe ta, Yaya. Taka ce."

Ya sa takalmin, ya miƙe da ƙyar yana dafa kafaɗar ƙanen. Ya tambayi wane ne direban da zai bi, aka nuna masa wani ƙato yana wanke gilashi yana fito. Ya ɗingisa ya nufe shi, yana shirya gaisuwar da zai fara da ita.