Teburin Bakin Titi

Khiem ya riƙe ƙugun Toai da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya ɗaga wa masu babur, har suka samu suka tsallake titin. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Toai a farkon damina, sai yau matarsa ta yarda ya fita.

"Ja ƙafar mana, malalaci," in ji Khiem. "Ga ƙanshin awarar Inna Lua ya fito tarbarka."

Toai ya yi dariya da rabin bakinsa.

Su biyun tsoffin direbobin bas ne a Hanoi, kuma tun suna da baƙin gashi suke zama a teburin bakin titi na mashayar Inna Lua kowace la'asar, a kan gajerun kujerun roba, ga sabuwar giya daga ganga, ga dafaffiyar gyaɗa, ga gardamar ƙwallo da ba ta ƙarewa. Yanzu ƙafafun Inna sun gaza, mijin 'yarta, Dat, shi ke riƙe da wurin. Ya rataya jajayen fitilu, ya manna hotunan wasu tsofaffi da babu wanda ya san su a unguwar, sai ga baƙi 'yan yawon buɗe ido suna ta zuwa da wayoyi a hannu.

Abokan zaman suka miƙe da ganin Toai. Sang mai gyaran agogo ya ja masa kujerarsa ta kullum.

"Mun ɗauka ka gudu ne saboda ƙungiyarka ta sha kashi," in ji shi.

Aka kawo kofuna. Toai ya ɗauki nasa da hagu. Rabin kurɓar ya shiga, rabin ya gangaro ta gefen bakin da ya mutu ya jiƙa masa riga. Babu wanda ya nuna ya gani. Sang ya ci gaba da ɓare gyaɗa yana turawa gabansa.

Sai Dat ya taɓa kafaɗar Khiem. "Kawu, in ɗan gan ka."

Suka matsa gefen ganga.

"An jima motar baƙi za ta iso," Dat ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka san don su gan ku suke zuwa, ku ne adon wurin nan. To amma Kawu Toai, da zai koma ciki, wajen kicin. Saboda mutuncinsa nake faɗa. Kada a ɗauke shi hoto a haka."

Khiem ya ji zafi ya taso masa tun daga ƙirji har kunnuwa.

"Mutuncinsa ne ya dame ka, ko hoton shagonka?"

"Haba, Kawu. Gyaɗar yau ma a kaina take."

"Birai ka mai da mu, da za ka jefa mana gyaɗa mu yi wa baƙi wasa? Ranar da ka zo neman 'yar gidan nan, wa ya zaunar da kai a teburin can, ya ce wa Inna yaron kirki ne? Mutumin da kake son ɓoyewa bayan tukwane."

"Kasuwa ce, Kawu. In babu baƙin nan, da tuni mun rufe."

Khiem ya san akwai gaskiya a maganar, wannan ne ma ya ƙara tunzura shi. Ya juya zai ɗauki abokinsa su tafi, yana rantsuwa a ransa ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba.

Amma ciwon bai taɓa kunnen Toai ba. Ya riga ya miƙe, yana jan kujerarsa da hannun da ke aiki, ya nufi ciki.

"Ajiye ta," in ji Khiem. "Gida za mu."

Toai ya girgiza kai. Kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar. "Ban ci... awara ba."

"Bayan abin da yaron nan ya ce?"

"Kunun shinkafa," in ji Toai. "A gida. Kullum. Kunu."

Khiem ya tsaya yana huci. Daga baya ya ƙwace kujerar, ya ɗauki tasa, ya bi shi.

Bayan shagon matsattse ne, ga hayaƙi, ga akwatunan kwalabe. Inna Lua na zaune gaban kaskon suya da doguwar matsamiya a hannu. Ta dubi Toai sama da ƙasa.

"Sai yanzu ka tuna da hanya? Ka rame kamar tsinken tsire. Zauna."

Ta tsamo awara mai zafi, ta yayyanka ta ƙanana da almakashi, ta yaryaɗa miyar albasa, ta ajiye masa da cokali maimakon sandunan cin abinci. Toai ya kai loma, ya lumshe ido.

Ba a jima ba Sang ya shigo, kujera a hannu ɗaya, kofi a ɗayan. Sauran suka biyo shi, suka cushe tsakanin akwatuna gwiwa na gugar gwiwa, aka ɗora gardamar ƙwallo daga inda ta tsaya.

Suna ji motar baƙi ta tsaya a waje. Dat ya leƙo ƙofar kicin, goshinsa duk gumi.

"Kawu Khiem, teburin babu kowa. Ko mutum biyu ne su fito." Ya dubi Toai. "Har da Kawu Toai, in yana so."

Inna Lua ta miƙa wa Dat faranti.

"Kai wa baƙinka, ka matsa, ka tare mini haske."

Ta ƙofar, Khiem ya hango baƙin sun zazzauna a teburin bakin titi, doguwar ƙafa a kan gajeruwar kujera, suna ɗaukar juna hoto. Har yanzu zuciyarsa na tafasa. Ya juya kujerarsa ya ba ƙofar baya, ya ga Toai ya share farantin tas yana kallon kasko.

"Inna," ya ce, "ƙara masa."