Takalmin da Surukina Ya Auna da Tsinke

Ƙafata ta dama ba ta jin magana. Tun da na haura arba'in babban yatsan ya karkata ya jingina da na kusa da shi, ƙashin gindinsa kuma ya turo gefe ya yi ƙullutu, kamar an cusa goro ƙarƙashin fata. Likita ya ce gado ne. 'Yan'uwana sun gaji gona a Giade, ni kuwa wannan ne rabona.

Mun saba da juna, ni da shi. Silifa mai faɗi nake sawa, in na zauna a tabarma kuma sai in ja riga in rufe ƙafar. Ban da matata Mas'uda, babu wanda ya san girmansa a duk Azare.

Da babbar 'yata ta haihu, mijinta Najmuddeen ya aiko mini da takalmi sau-ciki, baƙi wuluk, wai in sa ranar suna. Malamin makaranta ne, ɗan Misau, kunyarsa har ta yi yawa, don tun da aka ɗaura auren bai taɓa kallon fuskata ba. Mas'uda ta ce da ya rasa bakin tambayar lambar ƙafata, sai ya faki ido ya auna silifata a ƙofar zaure da tsinken tsintsiya, ya tafi kasuwa da tsinken. Tsawo kam ya yi daidai. Faɗi ne bai zo masa a rai ba.

Na roƙi Mas'uda ta gaya wa 'yarta, ita kuma ta gaya wa mijinta. Ta ƙi. Ta ce in maganar ta bi ta bakin mata ta isa kunnensa, kunya za ta hana shi sake tako gidanmu. In kuma ban sa ba, zai ɗauka na raina kyautarsa.

"Ka daure, Malam. Ai yini ɗaya ne."

Ranar suna na danna ƙafar a ciki da bismillah na kama hanya. Kafin in kai bakin titi zufa ta jiƙa mini hula. Abokina Bappa ya iske ni ina dogara bango, ya tambaya ko ni ne na haihu.

A ƙofar gidan Najmuddeen na cire takalmin, na zauna a tabarma, na rufe ƙafar tana zugi. Aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Ni dai tunanin hanyar komawa nake yi, da Sallah, da duk wani biki da za a sa ido a ga na sa shi.

Da mutane suka ragu, Najmuddeen ya zo ya durƙusa gabana, kansa a sunkuye kamar kullum. Sai na lura inda idonsa yake sauka: daidai bakin rigata. Na ja rigar sama kaɗan. Ƙullutun ya fito, ja wur, da shatin takalmi a kansa.

"Baba, an zo lafiya?"

Na ce lafiya lau. Ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya tashi.

Kwanaki suka wuce bai leƙo ba. Mas'uda ta daina yi mini magana sai da dalili.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga sallamarsa a zaure. Tare yake da Babakura, mai ɗinkin takalmi a kasuwa, wanda ya riƙo kwali da biro. Najmuddeen ya ce wai hanya ce ta biyo da Babakura, ya ga ya dace ya gaishe ni. Ya faɗi haka ya juya ya fuskanci bango.

Na taka kwalin. Babakura ya bi gefen ƙafar da biro, da ya iso kan ƙullutun sai ya yi kwana a hankali. Ya ce fata mai laushi zai sa, ya bar wa wannan bawan Allah ɗakinsa daban, ba zan ƙara jin matsi ba. Sannan ya leƙa ɗayar.

"Malam, miƙo ta hagun ma. Na ga ita ma ta fara ɗaukar darasi."

Daga wajen bango na ji wani ɗan sauti, kafaɗun Najmuddeen suna rawa. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Na miƙa ta hagun, na ce a kawo musu ruwa, kada kowa ya yi saurin tafiya.