Sabuwar Kwamfuta Ba Ta San Yaya Yari Ba

Duk wanda ya taɓa aurar da ɗiya tsakanin Jega, Aliero da Maiyama ya san Dalhatu Mai Kati. Shagonsa na bakin kasuwar Jega, kusa da masu sayar da buhunan albasa, kuma shekara goma sha tara ke nan yana buga katin gayyata a ciki. Kada wani ya ruɗe ka da cewa buga kati tawada ce da takarda. Aikin yana wajen jera sunaye: wa zai zo sama, wa zai biyo baya, wane ne ba a haɗa shi layi ɗaya da ƙanensa saboda rigimar gonar Sabiyal, wane ne in ka manta Alhajinsa zai maido maka da goronka. Dalhatu ya san duk wannan, ya kuma zuba shi a cikin tsohuwar kwamfutarsa.

Kwamfutar nan, Allah sarki! Ƙaton akwati ce, da can fara, yanzu ta koma ruwan ƙasa, allonta da ƙeya kamar tukunya. In ya kunna ta da safe sai ya je ya sha kunu, ya gaisa da maƙwabta, ya dawo ya iske tana nishi ba ta gama farkawa ba. 'Yan kasuwa Hajiya suke ce mata. Wansa ne ya saya masa ita, Yaya Yari na Karaye, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Albasar shekara guda da bijimi ɗaya Yari ya sayar, don dai ƙanensa ya sami sana'ar inuwa.

To, abu biyu suka haɗu a wata ɗaya. Na farko, an sa ranar auren Raihanatu, ɗiyar Dalhatu ta fari, kuma Yaya Yari ne waliyyi, shi zai ba da aure. Dalhatu ya zauna gaban Hajiya ya tsara katin da ba a taɓa gani ba a Jega. Sunayen kowa ya jera su layi-layi, amma sunan Yaya Yari ya cire shi daga layi, ya ɗora shi can sama shi kaɗai, cikin wani zobe mai ruwan zinariya da furanni kewaye. Na biyu, wasu matasa suka buɗe shago daidai gaban nasa, da kwamfutoci sirara da ake naɗewa a sa a hammata. Kullum da safe sai ɗayansu ya leƙo ya ce, "Baba, Hajiya ta tashi lafiya, ko a kira mata likita?"

Maganar nan ta ci Dalhatu, ta ci shi ƙwarai. Mutum ya haura hamsin, amma wasan yara ya hana shi cin tuwo.

Nan Safwan ya shigo zancen, dillalin kwamfuta mai zuwa daga Birnin Kebbi kowace ranar kasuwa, mutum mai zaƙin baki da turare mai hawa kai. Ya buɗe wata a kan teburin Dalhatu, baƙa, sumul, ba ta kai faranti nauyi ba. Kafin Dalhatu ya gyara zama ta kunnu.

"Alhaji, irin wagga sai manyan ofisoshi," in ji Safwan, ga shi kuwa ya san Dalhatu bai je Makka ba. "Ka ba ni tsohuwar in rage maka. Ayyukanka duk in kwashe su in zuba a nan, ba abin da zai ɓata."

Da ya kai labari gida, matarsa Hamida ta ce, "Malam, ka bari a ƙare biki mana. Sati ukku ya rage."

"Ke mi kin ka sani ga kwamfuta?" in ji shi. "Katin ɗiyata a buga shi da abin da yara ke yi wa dariya?"

Washegari aka ɗaure Hajiya a bayan babur da igiyar roba. Dalhatu ko kallonta bai yi ba, yana can yana goge sabuwa da hannun rigarsa.

Daga nan aka shiga uku. Ya ɗauko wayar firinta zai soka, kanta mai faɗi kamar matajin kai, ya juya sabuwar kwamfuta hagu, ya juya ta dama, ramukanta ko ƙwayar masara ba za su ɗauka ba. Ya buga wa Safwan waya. Safwan ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, mahaɗi za a saya. Aka aiko da mahaɗi daga Birnin Kebbi. Mahaɗin ya shiga firinta, ya ƙi shiga kwamfuta. Aka aiko da wani mahaɗin da zai haɗa mahaɗi da kwamfuta. Da aka jona su duka, sai kwamfuta ta rubuto cikin ladabi cewa ba ta san wannan firinta ba.

"Kamar ya ba ta san ta ba?" in ji Dalhatu a waya. "Ga ta nan gabanta! Jega kaf an san firintar nan!"

"Alhaji, ba sa jin yaren juna. Sai ka sa faifan da ya zo da firintar."

Faifan yana nan, Dalhatu ba ya yar da kaya. Ya ciro shi daga cikin ambulan, ya hure ƙura, ya shiga neman inda ake zura shi. Ya danna nan, ya latsa can, har ya ɗaga ta sama ya leƙa ƙarƙashi. Babu ƙofa. Safwan ya yi dariya ya ce an daina yin su da wurin faifai tun tuni, wannan ai ci gaba ne.

Kwana shida aka kwashe a kan ci gaba. Kwamfutar ta nemi adireshin imel, ta nemi lambar sirri, ta nemi ya kalle ta ido cikin ido don ta haddace fuskarsa, washegari da ya zo da hula ta ce ba shi ba ne. Rannan da hantsi ta tsaya cak ta ce tana sabunta kanta, kada a kashe, ta yi awa huɗu tana juya wani ɗan zobe, janareta yana shan mai. Hajiya dai ko ta yi nawa, ba ta taɓa ce wa mai gidanta ya jira ta yi kwalliya ba.

A ƙarshe Dalhatu ya sayi sabuwar firinta, a hannun Safwan mana, wa kake tsammani? Ya ce alhamdu lillahi, ya danna katin Raihanatu. Kwamfuta ta ce ba ta san da me ake buɗe wannan ba. Tsohuwar manhajar da ya tsara katin da ita ta tafi tare da Hajiya, sabuwa kuma ba ta karɓar irinta. Saura kwana goma sha ɗaya ɗaurin aure, mai buga katin garuruwa uku bai raba na ɗiyarsa ba, har an fara tambayar Hamida a gidan suna ko an fasa ne.

Ranar kasuwa Safwan ya zo da kansa, ya yi 'yan danne-danne, ya juya katin zuwa irin wanda sabuwa take ganewa. Sai ga shi ya bayyana, sunaye layi-layi. Can sama kuwa, inda zoben zinariya yake, wani ɗan akwati ne fayau da jan ɗigo a kusurwa.

"Wannan fa?"

"Adon ne, Alhaji. Ya yi wa allo nauyi. A takarda zai fito."

Dalhatu ya danna. Firinta ta fara aman kati, shar, shar, shar, abin da Hajiya za ta yini tana yi. Maimakon ya tsaya a kansu, sai ya fita bakin ƙofa ya ƙwala wa matasan shagon gaba kira su zo su ga gudu. Mutumin da shekara goma sha tara bai taɓa sakin kati ba sai ya bi shi da yatsa sau uku! 'Yan kabu-kabu huɗu suna jira tun safe, su suka zuba katin a ambulan, ɗari huɗu cif, suka watsu: Aliero, Maiyama, Alelu, Sabiyal, Karaye.

Bayan kwana biyu, da hantsi, wani dattijo daga Alelu ya tsaya bakin shago, ya tuɓe takalmi, ya zauna a kan benci. Can ya nisa ya ce, "Ashe Yari lokaci ya yi. Wallahi ba mu ji ba. Allah shi gafarta mishi."

Dalhatu ya miƙe zumbur. "Wane Yarin?"

"Wanka mana. Mun ga babu sunanai ga kati, mun ka ce in da rai ai ba a yin haka."

Dalhatu ya fizgi katin daga hannun tsohon. Sunan kowa yana nan, har da na wani ɗan ƙanen kakar ango da ba a tabbatar da dangantakarsa ba. Can sama fari fat. Zoben da ya yi don ya fifita Yaya Yari, shi ne abu ɗaya da sabuwar kwamfuta ba ta gane ba, ta zubar da shi da sunan da ke ciki. Kafin azahar mutum bakwai suka zo ta'aziyya. Waɗanda suka san Yari yana raye kuwa sun riga sun gama shari'a: Dalhatu ya yi sabuwar kwamfuta, ya fi ƙarfin wansa manomi.

Ya kira wayar Yari sau tara ba a ɗauka ba. Sai ya naɗe kwamfutar ya sa a jaka, ya hau babur sai Karaye, don ya nuna mai laifi.

Ya iske Yari a rumfar albasa bayan gida, yana tsince ruɓaɓɓu yana jefawa a kwando. Katin yana soke a jikin kara kusa da kansa. Yari ba ya karatun boko, liman ne ya karanta masa, har sau biyu, a gaban jama'a. Dalhatu ya durƙusa ya gaida shi, ya buɗe kwamfutar, ya shiga bayani: manhaja, zobe, mahaɗi, Safwan.

Yari ya bar shi ya gama. "Ina wadda na saya maka?"

"Na... na bayar, Yaya. Musanya mun ka yi."

"Ta lalace?"

"A'a."

"Ta taɓa manta sunana?"

"A'a, Yaya. Tsufa dai ta yi. Ba ta tafiya da zamani."

Yari ya ɗauki wata albasa, ya juya ta, ya ajiye ta cikin masu kyau. "To ai ni ma haka. Ka tahi wurin Safwan ɗin, kila shina da sabon waliyyi."

Dalhatu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da zagi ne da ya fi masa sauƙi. Ya tashi ya fito, idonsa ya cika da ƙwalla. A hanya ya kira Safwan ya ce a maido masa da Hajiya ko nawa ne. Safwan ya ce ai 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun ɗauke ta tun ranar, a kan sikeli aka auna ta.

Sake bugawa ba wuya, firinta mai gudu tana nan. Amma ɗari huɗun farko suna gidajen mutane, kuma su za a ajiye a ƙarƙashin katifa a nuna wa jikoki. Da ya isa Maiyama ya tsaya wani kanti ya sayi biro uku.

Kwana biyar Dalhatu Mai Kati yana yawo gida-gida. Jerin waɗanda aka aika wa yana kansa, wannan kam ba ya buƙatar mahaɗi. Ya yi sallama, ya roƙi a fito masa da katin, ya durƙusa ya ɗora shi a gwiwa, ya rubuta a farin filin nan: Malam Yari Karaye, uban amarya. Kowane gida sai ya maimaita abin da ya faru, a yi masa dariya, wasu su ƙara da wa'azi. A Aliero wata tsohuwa ta sa ya jira ta gama tankaɗe. A Sabiyal an riga an ƙunshe daddawa da katin, haka ya warware ya rubuta. Matasan shagon gaba ma suna da nasu, ya je ya rubuta, suna kallo. Na Yari kaɗai bai taɓa ba, don ƙafarsa ta kasa komawa Karaye.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, ga goro ga alawa, dangin ango sun jeru. Liman ya ce, "Ina waliyyin amarya?" Dalhatu ya sunkuyar da kai.

Sai ga Yari ya ratso ta bayan jama'a da farar rigarsa ta idi, ya zo ya zauna kusa da ƙanensa. Bai dube shi ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro katin nan mai farin fili, ya ajiye a gwiwar Dalhatu.

"An ce ka zaga garuruwa ukku," in ji shi a hankali. "Nawa garin ne ba ka iya zuwa?"

Dalhatu ya laluba aljihu ya ciro biro na ƙarshe. Yatsunsa sun kumbura, tawada ta yi musu shuɗi. Ya rubuta sunan, harafi ɗaya-ɗaya, jama'a suna jira, liman yana jira. Yari ya karɓi katin ya miƙa wa liman, liman ya karanta da ƙarfi. Sannan Yari ya kama hannun nan mai tawada, ya juya shi yana dubawa kamar yadda yake duba albasa.

"Wannan dai kada ka ba Safwan," in ji shi. Ya juya wajen liman ya ce, "Malam, ga ni. A ɗaura."