Zakarun da Na Zaɓa da Hannuna

Ranar da matata ta shigo da 'yan tsaki takwas a kwali, tsohon da muke haya a gidansa ya leƙo daga barandar sama ya kafa mana sharaɗi. Kaji dai ba ruwansa, amma duk ranar da zakara ya yi cara a tsakar gidan nan, mu fara neman wani gidan. Hawan jini gare shi, barcin safe kaɗai ya rage masa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai bambance mace da namiji ba wani aiki ba ne. Har da murmushina na faɗa.

Yayar matata tana da fili a bayan gari. Da 'yan tsakin suka ɗan tasa, ta aiko cewa mijinta zai shigo da mota ranar Asabar, mu ware mazan mu ba shi.

"Baban yara," in ji matata, "tunda ka ce ba aiki ba ne, ga su nan."

Na tsuguna gaban akurki. Duk takwas ɗin kamar inji ɗaya ya buga su. Babu zanko, babu jela, sai ido da kashi.

Telan ƙofar gida ya ce a rataya allura a zare bisa kan tsako, in ta yi zagaye mace ce. Muka rataya, iska ta kaɗa, allura ta yi abin da ta ga dama. Yayana ya ce a waya in riƙe ƙafafu in juya shi ƙasa, namiji zai ɗago wuya. Duka suka ɗago, ɗaya ya yi min kashi a hannun riga. Mai sayar da abincin kaji ya ce in dubi gashin fiffike, amma wai tun suna kwana biyu ake dubawa, ina nake tuntuni? Duk gwajin da na yi sai in ɗaura wa tsako zare a ƙafa, ja na maza, baƙi na mata. Akwai wanda ya ƙare da ja biyu da baƙi ɗaya. Washegari kuma suka tsattsage zaren duka suka huta.

Ana gobe Asabar na zuba musu abinci, na zauna kan bokiti ina kallo don takaici. Huɗu suka ruga, suka haye cikin faranti, suna ture juna, bakinsu bai yi shiru ba. Sauran huɗun suka raɓe a gefe suna jiran a gama. Sai na ga kamar na san wurin nan. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya mata uku, na kuma san wanda ke jira a gefe in an ajiye kwano a gidanmu, da wanda ke shiga banɗaki a ƙarshe bayan ruwan zafi ya ƙare.

Na kwashe masu haƙurin nan na sa a kwali.

"Su ne mazan?" Matata ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Ta yaya ka gane?"

"Na daɗe ina nazari."

"A ina?"

Na canza zance, domin ina son cin abincin dare.

Mota ta tafi da su. Waɗanda na bari suka ci gaba da girma, da faɗa. Zankonsu ya fito ja wur, na ce irinsu ne haka. Jela ta fara lanƙwasa, na ce ƙoshi ne. Babbar 'yata ta ce, "Baba, kazarka tana tafiya kamar mai bin bashi." Na ce ta kalli mamanta.

Wata safiya muka ji wata ƙara kamar an ja ƙyaure mai tsatsa. Ban gama ce wa kaina ƙofar maƙwabta ce ba, na biyu ya karɓa. Na uku da na huɗu ba su bari an yi babu su ba. Taga ta buɗe a sama.

"Malam," in ji tsohon, "wace ce daga cikin matan?"

"Baba, ina jin mura ce."

"To ka kai su asibiti yau. In sun dawo, ku fita tare."

Na ɗaure zakaru huɗu a bayan babur na nufi bayan gari, suna cara a hanya, mutane suna waigowa. Na tarar da yayar matata tana tsintar ƙwai a ɗan kwando. Na roƙe ta mu yi musanya.

"Ƙanina, kyauta ka ba ni. Uku suna yi min ƙwai, sai in mayar maka don ka kawo min 'yan kokawa?" Ta yi dariya har ta dafa bango. "Bar su nan dai. Amma ɗauki wancan, na gaji da ciyar da shi. Ba ya ƙwai, ba ya cara, sai an gama ci yake zuwa."

Na dube shi a gindin katanga. Zanko gare shi, ɗan ƙarami, ya kwanta gefe. Ashe dai na canka ɗaya cikin takwas.

Da na dawo da shi, tsohon ya sauko da sandarsa, ya daɗe yana ƙare wa abin kallo.

"Wannan ai zakara ne."

"Zakara ne, Baba. Amma ba ya magana."

Ya dube shi, ya dube ni, ya ɗaga kai wajen tagar ɗakinmu inda muryoyi huɗu ke tashi lokaci guda.

"Ya zauna," in ji shi. "Ranar da ɗayanku ya buɗe baki, sai mu sake magana."

Har yau muna gidan. Matata tana sayen ƙwai a wurin yayarta, kuma duk wanda ta fasa sai ta dube ni.