Kiɗan da Reza Ta Cire

A motar haya, kan hanyar gidan talabijin, Norhata ta fara jin waƙarsu a rediyo. Direba ya ƙure murya, jitar Berting tana kuka, gangunan Isko suna wannan rangajin na ƙasar Kuba da ya haukata samarin Manila a shekarun nan na saba'in. Ta gyara zama, ta dafa kwandon kayan kiɗanta da ke tsakanin ƙafafunta tana jiran wurinta a waƙar. Sai kawai waƙa ta tsallake, ta faɗa amshin ƙarshe, aka shiga tallar sabulu.

A faifansu waƙar ta cinye gefe guda cur. Tsakiyarta kuwa ta Norhata ce ita kaɗai, kiɗan kulintang, tagulla takwas masu kama da tasoshi da ake jerawa a kan katako a doka da sanda. Na kakarta ne, kuma su kaɗai ta fito da su ranar da yaƙi ya tashe su daga ƙauyensu a bakin kogin Pulangi. Kiɗan ma na tsohuwar ne, wanda take yi idan an raka amarya cikin kwalekwale. Shi Norhata take so mutanen Manila su ji, ko da sau ɗaya ne, su da ba su san komai game da kudancin ƙasar ba sai labarin bindiga.

Ta tarar da Berting, shugaban ƙungiyar, a bayan dandali yana cusa gashinsa cikin hula, don gwamnati ta hana a nuna gardi mai dogon gashi a talabijin. Bai iya haɗa ido da ita ba. Ya shiga kame-kame, wai mutumin kamfanin faifai ne ya sa wa tef ɗin reza, wai rediyo ba ta ɗaukar doguwar waƙa, wai kuma a halin da ake ciki kiɗan Musulmin kudu ba abin da za a tura wa mutane cikin falonsu ba ne.

“Kuya Berting,” ta ce, kamar yadda ake kiran babban wa a Manila, “kana wurin aka yanke?”

“Ina wurin.”

“Kai ka riƙe masa tef ɗin ke nan.”

“Haba Hata, waƙar dukanta fa tana nan a faifai. Wanda ya saya zai ji ki.”

“Wanda ya ji wannan guntun me zai kai shi saye?”

Ya roƙe ta ta rufa musu asiri. Yau ne karonsu na farko a talabijin, in ji shi, kuma in aka samu tangarɗa kamfani zai watsar da su, su koma mashayar sojan ruwan Amurka suna maimaita waƙoƙin wasu. Ta san gaskiya ya faɗa, kuma hakan ne ya fi ƙona mata rai.

Tsarin shirin ba wuya. Ana sa tef, mawaƙa su yi ta motsa baki. Wayar jita ba a haɗe take da komai ba, gangunan Isko an lulluɓe fatarsu da roba. Wani mai riƙe da allo ya zo ya kalli tagullar, ya ce ta yi kyau a hoto, Norhata ta riƙa kaɗa sanda a sama tana murmushi. Bai ga abin toshewa a jikinsu ba, don a zatonsa kayan ado ne.

Jar fitila ta kama, alamar an fara nuna su. Berting ya yi ta murɗa jitar da ba ta da rai, har da runtse ido, abin kunya. 'Yan makarantar da aka cika zauren da su suna tafi duk sanda aka ɗaga musu hannu. Norhata ta kaɗa iska kamar yadda aka ce, amma ba ta yi murmushin ba. Tef ya ƙare, mai gabatarwa ya taho da fara'arsa ta haya, ya buɗe baki.

Ta sauke sanda a kan tagulla ta uku.

Tagulla ba ta neman izinin lantarki. Ƙarar ta cika zauren, ta shiga makirfon mai gabatarwa, ta nan ta fita gari. Mutumin ya yi dariya, ya jefa wani barkwanci, bai ji muryar kansa ba. Mai allo yana ta yanka wuyansa da hannu a gefe. Tsoro ya cika ta fal, amma sandunan sun san hanya. Can ta ji Isko ya yaye robar gangarsa ya biyo ta a hankali. Yaran da aka koya wa tafi suka rasa abin yi, suka yi tsit suna saurare.

Fitilar ta mutu. Berting ya matso, hularsa a hannu, gashi ya zubo masa har kafaɗa.

“An yanke mu, Hata. Talla suke nunawa. Mun gama a gidan nan.”

Ba ta ɗago kai ba.

“To matsa, Kuya. Amarya ba ta ko kai tsakiyar kogi ba.”